Cilin wake da naman ƙasa: daga gindin suri zuwa tukunya

Cili abinci ne na kudancin ƙasar Amurka, wajen iyakarta da Meziko. A birnin San Antoniyo na jihar Teksas ya yi suna, inda mata suka riƙa sayar da shi a dandali tun ƙarni na 19, kuma a 1977 majalisar jihar ta ayyana shi a matsayin abincin jiha. Na asalin nama ne da busasshen barkono da kamun, wato wani ɗan iri mai ƙamshi da Turawa ke kira cumin, a dafa su har romon ya yi kauri. Daga baya wake da tumatir suka shigo, duk da har gobe akwai mutanen Teksas da ke cewa in an sa wake ba cili ba ne. Sai kuma masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama ne ko kifi ko ƙwai ko nono ko man shanu, suka cire naman suka mayar da gurbinsa da naman ƙasa, wanda wasu ke kira naman kaza, wasu kuma laimar kwaɗi.

Wannan na ƙarshen ne za mu dafa, uwargida, kuma a Kebbi kusan babu abin da za ki nema ki rasa. Wake namu ne, Najeriya ce kan gaba wajen nomansa a duniya. Albasa ga ta Aliero, tattasai da tumatir ga su a fadamu, daddawa tana kowane gida. Ga kuma yadda kilon nama ya fi ƙarfin tukunyar yau da kullum. Girkin kansa ba shi da wuya. Wuyar tana wajen abin da za ki ɗebo a jeji, don haka can za mu fi daɗewa.

Lokaci da wuri

A Turai da Amurka lokacin kaka ake fita neman naman ƙasa, don kakarsu da sanyi da yayyafi take zuwa. Tamu kakar da bushewa take zuwa. Da zarar ruwa ya ɗauke, iskar gabas ta fara kaɗawa, sai ki neme shi ki rasa. Akwai masu fitowa tun ruwan farko, amma mafi yawa daga marka ne, wato tsakiyar Agusta, zuwa bakin kaka a farkon Oktoba. Kudancin jihar Kebbi, Zuru da Sakaba da Fakai da Yawuri, ya fi Argungu da Gwandu samun ruwa da itatuwa, shi ya sa lokacin ya fi tsawo a can, kuma can ne za ki fi samun waɗanda suka san shi tun kaka da kakanni.

Ki fita da sassafe, kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa mai ƙarfi. In rana ta take, tsutsa ta riga ki, awaki ma sun riga ki. Ki riƙe kwando ko faifai, kada ki zuba a leda, don leda tana sa shi gumi ya lalace kafin ki iso gida. Ki ɗauki wuƙa da ɗan sanda mai tsini na tono. Ki sa takalmi mai rufe ƙafa, kuma kada ki kuskura ki zura hannu a ramin suri, gidan gamsheƙa ne da kububuwa. Ki guji gefen kwalta da juji da gonar da aka yi wa feshin ciyawa kwanan nan, don naman ƙasa yana zuƙar abin da ke cikin ƙasar da ya tsiro.

Ba sai na ja magana a kan halin da dazuzzukanmu ke ciki ba. Babu tukunyar da ta kai a shiga dawa dominta. Surayen da ke bakin gonaki da bayan gari sun isa, kuma a tafi cikin jama'a.

Wanda ake ci da wanda ake bari

Shawarata ita ce ki tsaya a kan iri ɗaya tak, na suri, wanda masana ke kira Termitomyces. Gara ce ke nomansa a cikin gidanta. Tana tara ciyayi da itacen da ta tauna, shi kuma ya tsiro a kai ya narkar mata da su ta ci. In damina ta yi, sai ya huda ƙasa ya fito. Wannan zaman tare shi ya sa har yanzu ba a noma shi a sayar kamar sauran, dole sai an je an nemo. A cikin danginsa ne ake samun mafi girman naman ƙasa da ake ci a duniya, wanda faɗin laimarsa kan kai kusan mita ɗaya, amma wanda za ki fi gamuwa da shi bai wuce tafin hannu zuwa faɗin faranti ba.

Ga alamominsa, kuma sai sun haɗu duka. Yana fitowa a jikin suri ko kusa da shi, ko a inda gidan gara yake a ƙarƙashin ƙasa. Tsakiyar laimar yana da ƙullutu mai tauri, sau da yawa mai tsini, da shi ya huda ƙasar. Siraran layukan da ke ƙarƙashin laimar farare ne, in ya manyanta su ɗan ja zuwa ruwan hoda. Babbar alamar tana ƙasa: in kika tona a hankali, za ki ga karan bai tsaya a bakin ƙasa ba, ya zarce da wata doguwar saiwa mai sirancewa wadda ta nufi gidan garar, wani lokaci ta fi kamu ɗaya ko biyu. Saboda haka kada ki yanke shi daga sama, kada ki fizge. Ki tono shi da gindinsa ki gani da idonki. Akwai wasu 'yan ƙanana daga danginsa masu fitowa ɗaruruwa a wuri ɗaya ba tare da wannan saiwa ba. Ana cin su, amma ki bar su ga gwanaye, don ƙananan farare masu guba da ke kama da su suna da yawa.

In kin tona kika tarar gindin ya kumbura, ko yana zaune cikin wata 'yar jaka mai laushi, ki ajiye shi ko da kyansa ya kai ina. Wannan jaka alamar dangin Amanita ce, kuma ana samun su a dazuzzukan doka na Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai waɗanda ake ci, a cikinsu kuma akwai wanda ya fi kowane naman ƙasa kisa a duniya. Ba aikin mai koyo ba ne ta raba su.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne wani fari babba mai kyan gani, mai ɓarɓashi ruwan ƙasa a saman laima da zobe a wuyan kara, wanda ke fitowa a filin ciyawa, filin makaranta, ko inda shanu suka kwana, sau da yawa a jere kamar an zana da'ira. Sunansa Chlorophyllum molybdites. Yana ƙarami layukansa farare ne, in ya tsufa su koma kore-kore. Awa ɗaya zuwa uku bayan an ci shi amai da gudawa za su sarƙe mutum. Kama da wane ba wane ba ne.

Akwai gwajin da za ki iya yi a gida. Ki cire laimar ɗaya, ki kifa ta a kan farar takarda, ki rufe da kwano, ki bar ta wasu awanni. Garin irinta zai zubo ya bar shaida. In kore ne, wancan mai sa amai ne. Na suri kan bar launin madara mai ɗan ruwan hoda. Sai dai wannan ƙarin shaida ne kawai, don akwai masu guba da su ma ruwan hoda suke bari.

Duk abin da na rubuta a sama bai kai fita ɗaya tare da dattijuwar da ta shekara tana cin abin ba. A ƙauyukan ƙasar Zuru ba a rasa irinsu. Za ki miƙa mata wanda ke ganinki daidai yake da na cikin kwandonta, ki ce, "Inna, wannan fa?" Ta juya shi, ta duba gindin, ta sansana, ta ce, "Aje shi, ɗiyata, wanga ba a cin shi." Kada ki yi mata gardama, ki tambaye ta me ta gani. Ki kuma nuna mata kowane ɗaya, ba samfuri ba, don guda ɗaya ya isa ya ɓata tukunya.

Ana faɗin wasu maganganu da ya kamata ki watsar. Wai in tsutsa ko akuya ta ci to mutum ma zai iya ci. Wai in aka dafa shi da cokalin azurfa ko tafarnuwa, mai guba zai sa su baƙi. Wai tafasawa da zubar da ruwan farko na kashe gubar. Babu ɗaya da ke da tushe. Gubar da ke lalata hanta ba ta jin wuta, ba ta jin shanya, ba ta jin firiza. Ɗaukar hoto da waya a tambayi manhaja shi ma ba abin dogaro ba ne, hoto ba ya nuna abin da ke cikin ƙasa.

Yadda wannan guba ke aiki shi ne abin tsoron. Mutum zai ci ya kwanta lafiya lau, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso. Kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, kowa ya ce an auna arziki, alhali a lokacin hantar ke lalacewa. Don haka duk wanda ya ci naman ƙasa na jeji ya fara amai, musamman in ya jinkirta zuwa, a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita abin da ya ci da lokacin da ya ci. Kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran gani. Shi ya sa a kullum ake ware ɗanye guda ɗaya da gindinsa a ajiye a takarda kwana biyu, don a samu abin nunawa. In kuma cin farko ne a gidan, ko da an tabbatar da irin, manya su fara cin kaɗan su ga yadda cikinsu ya karɓa. Yara da masu juna biyu da tsofaffi su dakata.

In babu wanda zai tabbatar miki, ki haƙura. Manyan kantuna na sayar da wanda aka noma, ɗanye ko na gwangwani. In shi ma babu, ki marmasa awara ki soya ta ta yi ja, za ta riƙe tukunyar.

Kayan haɗi da aikin wake

Na mutum 6 zan faɗa. Wake gwangwanin madara 3, naman ƙasa ɗanye kamar rabin kilo, albasa manya 2, tafarnuwa ƙwaya 6, busasshen tattasai 8, attarugu 2, tumatir 7 ko kauɗa cikin hannu biyu, tumatirin leda 1, kamun cokalin shayi 2, daddawa ƙwaya 2, man gyaɗa cokalin cin abinci 6, ɗanyar masara 2, yankin kabewa, gishiri, da tsamiya ko lemun tsami. Masoro da citta da ɗoɗɗoya in kina so. Shi kamun ɗin, ki tambayi masu kayan ƙamshi, shi ne ƙamshin da ke bambanta cili da faten wake, don haka kada ki tsallake shi. In don mai ƙaurace wa nama kike girkin, ki duba dunƙulen ɗanɗanonki, wasu da ɗanɗanon kaza ko kifi ake haɗa su. Ni dai daddawa ta ishe ni, ta kalwa ko ta batso.

Wake a lokacin da naman ƙasa ke fitowa na bara ne, sabo bai shigo kasuwa sosai ba, don haka zai yi taurin kai, kuma mai yiwuwa an sa masa maganin ƙwari a rumbu. Kan wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Ki tsince shi, ki wanke sau biyu ko uku, ki jiƙa tun dare. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗora da sabo, ya tafasa minti 10, ki sake zubarwa, sannan ki dafa shi da ruwa na uku da ɗan gishiri da rabin albasa. Jan wake ya fi riƙe jikinsa, fari ya fi saurin narkewa ya ba da kauri. In kin samu jajayen waken Turawa masu siffar ƙoda, dole su yi tafasa mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage wuta, in ba haka ba suna ɓata ciki.

Batun kanwa: tana saurin nunar da wake, gaskiya ne, amma tana kashe wani sashe na sinadaran bitamin B da ke cikinsa, tana kuma dusashe launin miyar. In kin jiƙa tun dare ba ki buƙatarta. Abin da za ki kiyaye shi ne kada tumatir ko tsamiya su taɓa waken sai ya nuna, don tsami na hana shi laushi. Ki sauke shi ya nuna amma bai fashe ba, ki ajiye shi da ruwansa.

A tukunya

Ki fara da tattasan. Ki cire hancinsa da 'ya'yansa, ki ɗora busasshiyar tukunya a wuta kaɗan, ki juya shi a ciki kamar minti ɗaya har ƙamshi ya tashi. In ya yi baƙi ya yi ɗaci, sai dai ki sake wani. Ki zuba masa ruwan zafi ya jiƙa minti 20 tare da kauɗar in da ita za ki yi. A wannan tukunyar ki gasa kamun ɗin shi ma, 'yan daƙiƙu kaɗan, ki daka shi da daddawa da masoro. Sai ki markaɗa tattasan da attarugu da tumatir, ko ki jajjaga a turmi in kina son ki riƙa jin su a baki.

Yanzu naman ƙasan, kuma nan ne girkin ke kyau ko ya lalace. Ki kankare ƙasar da ke jikin karan da wuƙa, ki tsaga shi biyu ki duba. Inda tsutsa ta yi hanya ki yanke, wanda ya yi yauƙi ko wari ki zubar. Ki ɗauraye shi da sauri ki tsane a kwando, kada ki jiƙa. Laimar ki yayyaga ta da hannu, karan kuma, da yake ya fi tauri, ki yanka shi ƙanana ko ki tsattsaga shi sili-sili. Shi ne zai ba ki abin taunawa.

Kusan kashi 90 cikin 100 na jikin naman ƙasa ruwa ne. In kika jefa shi cikin miya haka nan, zai saki ruwan, ya yi santsi, ɗanɗanonsa ya ɓace. Ki ɗora tukunya mai faɗi a wuta mai ƙarfi ba mai, ki zuba rabi, ki barbaɗa gishiri kaɗan. Cikin minti biyu za ki ga ruwa ya taru yana tafasa, ki bar shi. Zai tsotse, ƙarar tukunyar ta sauya daga ɓararraka zuwa ƙyas-ƙyas, yankakkun su ragu zuwa kusan rabi su fara kama gindin tukunya. A lokacin ne za ki zuba mai cokali 2, ki bar su su soyu ba yawan juyi har gefensu ya yi ja, ƙamshin ya koma kamar na tsire a bakin wuta. Ki kwashe, ki yi sauran rabin haka. In kika cika tukunyar a karo ɗaya, turara shi kika yi, ba suya ba. Naman ƙasa na jeji ba a cin shi ɗanye ko rabin dahuwa, ko da irin da ake ci ne.

Kada ki wanke tukunyar, abin da ya kama a gindinta ɗanɗano ne. Ki zuba sauran man, ki sa albasa yankakkiya, ki rage wuta, ki ba ta minti 10 ta yi laushi ta fara ja. Ki sa tafarnuwa da dakakken kamun da daddawa, ki juya minti ɗaya. Ki matsa tumatirin leda ki soya shi har ya yi duhu, sannan ki juye markaɗen. Ki bar shi ya soyu kamar yadda kike soya kayan miyar dage-dage, sai mai ya taso sama kuma tsamin tumatir ya mutu, minti 15 ko fiye.

Sai ki juye waken da ruwansa, da kabewar da kika yanka ƙanana, da kashi biyu cikin uku na soyayyen naman ƙasan. Ruwa ya ɗan rufe su kawai. In ya tafasa ki janye itace, ko ki mayar da gas ƙasa, ki rufe rabi, ki bar shi yana ɓararraka a hankali minti 40. Ki riƙa juyawa daga ƙasa, wake ba ya jin kunyar kamu. Kabewar za ta narke ta ɗaure romon ta kuma rage kaifin barkonon. Saura minti 10 ki ɓare masarar ki zuba.

Kaurin da ake nema shi ne in kin ja ludayi a tsakiya, hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe. In ya yi ruwa, ki ɗebi wake ludayi ɗaya ki dame ki mayar. In ya yi kauri da yawa, ruwan zafi kaɗan. Masu yin sa a can Amurka kan sa ɗan garin cakulan marar sukari don launi da zurfin ɗanɗano. Na ga ba lallai ba ne ga mai daddawa.

Daga ƙarshe ki ɗanɗana gishiri, ki zuba ruwan tsamiya cokali 2 ko ki matse rabin lemun tsami, ki sa ɗoɗɗoya da sauran naman ƙasan da kika rage, ki bar su minti 5 ki sauke. Tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne, lemun tsami yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake. Ga wanda ya bar nama da nono da ƙwai gaba ɗaya kuwa, ya sani wake da naman ƙasa ba za su ba shi bitamin B12 ba, sai ya nemi ƙwayarsa.

Ki bar tukunyar a rufe kwata na awa kafin ki zuba. Da farar shinkafa 'yar gida ya fi tafiya, amma ki gwada shi da waina, ko dambun masara, ko dafaffen dankali, a yanka ɗanyar albasa a sama. Washegari ya fi daɗi in akwai firij, kuma zai kai kwana 3 a ciki. In wuta ba ta zama, ki tafasa ragowar sosai da dare, ki sake tafasawa da safe, a cinye kafin azahar.

In Allah ya ba ki sa'a kika samo fiye da abin da tukunya za ta ci, kada ki bar shi ya kwana ɗanye. Ki kankare, ki yanka shi falle-falle ba tare da wanki ba, ki baza a faifai a rana, ki rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, ki riƙa shigar da shi kafin raɓa ta sauka. Ya bushe ke nan in kin lanƙwasa ya karye. Kilo 10 na ɗanye kan dawo kusan kilo 1. Ki zuba a kwalba mai murfi. Ranar da za ki yi amfani da shi ki jiƙa cikin hannu biyu a ruwan ɗumi rabin awa, ki matse ki soya kamar ɗanye, ruwan jiƙon kuma ki tace shi da kyalle saboda yashi ki zuba a kan waken.